Kwalejin Barewa: daga Katsina zuwa Zariya, da dalilin da ya sa ta yaye shugabanni da yawa

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a kwalejin ilimi. Kullum ina jin ana cewa Kwalejin Barewa ta Zariya ta yaye shugabannin Najeriya biyar. Gaskiya ne? Ita ce Kwalejin Katsina da ake ambata a tarihin su Sardauna, ko kuwa daban suke? Wane sirri ne da ita wanda sauran makarantu ba su da shi, kuma me ya sa yanzu ba a jin amonta kamar da?

Amsa: Gaskiya ne, ɗana, biyar ne. Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, Firayim Minista daga 1957 zuwa 1966. Janar Yakubu Gowon, 1966 zuwa 1975. Janar Murtala Muhammed, 1975 zuwa 1976. Alhaji Shehu Shagari, 1979 zuwa 1983. Sai Alhaji Umaru Musa 'Yar'aduwa, 2007 zuwa 2010, kodayake shi a Kwalejin Gwamnati ta Keffi ya yi sakandarensa, karatun share fagen jami'a ne ya kawo shi Barewa, ya gama a 1971. Sardauna Ahmadu Bello ba ya cikin lissafin nan tunda Firimiyan Arewa ya yi, ba shugaban ƙasa ba, amma shi ma ɗan makarantar ne.

Makarantar ɗaya ce, suna ne da mazauni suka yi ta canzawa. An kafa ta a Katsina a 1921 a matsayin kwalejin horon malamai, Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a hukumance a watan Maris na 1922. A 1938 aka mayar da ita Kaduna, ta zama Kwalejin Kaduna. A 1949 ta koma Zariya da sunan Sakandaren Gwamnati, a 1956 ta zama Kwalejin Gwamnati ta Zariya, sai a 1971 aka raɗa mata Barewa, sunan dabbar da ke tambarinta. Saboda haka idan ka karanta cewa Tafawa Ɓalewa ya yi Kwalejin Katsina, Malam Aminu Kano ya yi Kwalejin Kaduna, Gowon ya yi Kwalejin Gwamnati ta Zariya, makaranta guda ake nufi. Inda mutane suka fi rikicewa shi ne Kwalejin Gwamnati ta Katsina, wadda a da ake kira Sakandaren Lardi. Wannan daban take. Ita ce ta yaye Muhammadu Buhari da Shehu Musa 'Yar'aduwa, kuma sau da yawa za ka ga an cusa sunayensu cikin 'yan Barewa bisa kuskure.

Maganar sirri kuwa, kafin mu je ga tarbiyya da ƙwazon malamai, ina so ka fara duba wasu lambobi. Al'adar makarantar ce kowane ɗalibi a ba shi lambar shiga, a jere tun daga yaron farko, kuma lambar nan takan bi mutum har kabarinsa. Tsofaffin ɗaliban in sun haɗu da ita suke gane wa ke gaba da wa. Minista mai lamba dubu da wani abu zai rusuna wa tsohon malamin firamare mai lamba ɗari bakwai, ba kuma abin mamaki ba ne a wurinsu. Lambar Sardauna 87, ya shiga a 1926. Ta Tafawa Ɓalewa 145, ya shiga a 1928. Ta Shagari 394, ya shiga a 1941. Ta Gowon 783, ta Murtala 941, shi kuma a 1952 ya shiga.

Yi lissafin da kanka. Shekara bakwai da kafa makarantar ba a kai yaro 150 ba, wato kamar yara ashirin a shekara. Shekara ashirin ba a cika 400 ba. Shekara talatin da ɗaya ba a cika dubu ba. A ƙidayar da aka yi a 1952 mutanen Jihar Arewa sun kusa miliyan 17. Tsawon wannan lokaci, in ka cire 'yan makarantun mishan da ke yankunan da ba na sarakunan Musulmi ba, wannan ce kusan ƙofa ɗaya tilo da yaron Arewa zai bi ya wuce matakin Midil, wato makarantar da ke gaba da elementare, a karatun boko. Kwalejin Gwamnati ta Keffi sai 1949 aka fara ta. 'Yan mata kuwa sai 1956 aka buɗe musu makarantar Sarauniya Elizabeth a Ilorin. A Kudu, makarantar sakandaren mishan ta CMS a Legas tun 1859 take, ta Hope Waddell a Kalaba tun 1895, King's College tun 1909, ga kwalejojin gwamnati na Ibadan da Umuahia a 1929, ban da tarin na coci-coci.

To a ganina babban sirrin ke nan. Lokacin da mulkin kai ya ƙarato aka shiga neman wanda zai zama minista, da babban sakatare, da alƙalin babbar kotu, da hafsan soja daga Arewa, babu inda za a ɗebo su sai cikin wannan 'yar rijista. Wanda ke alfahari da jerin sunayen Barewa yana da gaskiyarsa, amma jerin nan shi ne kuma shaidar yadda Turawa suka ƙuntata ilimin boko a Arewa. Da an yi irinta goma, da ba ta tara shugabanni biyar ita kaɗai ba, da kuma Arewa ba ta shiga 1960 tana ƙirga masu digirinta da yatsu ba.

Ƙuntatawar ba hatsari ba ce. Bayan cin Sakkwato a 1903 Gwamna Lugga (Lugard) ya yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa addini ba, kuma da wannan hujja aka taƙaita shigar 'yan mishan ƙasashen sarakuna. Su ne kuwa suka baza makarantu a Kudu. Gwamnatin mulkin mallaka ba ta so ta kashe kuɗi, ba ta kuma so ta haifar da irin 'yan bokon Legas masu rubuta ƙorafi a jarida. Iyaye ma a nasu ɓangaren ba su yarda da boko ba, hakimi yakan ɓoye ɗansa ya tura ɗan baransa. Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, daga baya aka yi makarantun larduna. Matsalar da ta taso ita ce rashin malamai 'yan ƙasa, Musulmi, waɗanda sarakuna za su amince su miƙa musu 'ya'yansu. Don toshe wannan giɓi aka kafa Kwalejin Katsina. Ba a kafa ta don ta fitar da shugabannin ƙasa ba, malaman aji ake nema.

Zaɓen Katsina ma da dalili. Gari ne mai tsohon suna a ilimi, garin Gobarau da Wali Ɗan Marina da Ɗan Masani, don haka ba wanda zai ce an kai ɗansa bariki. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, mutum ne mai karɓar sabon abu, ya kuma tsaya wa makarantar. Ga shi jirgin ƙasa bai bi ta Katsina ba, abin da ya yi wa Turawa daɗi, don yaran za su yi nesa da hayaniyar Sabon Gari da jaridun Kudu. 'Yan Sakkwato irin su Ahmadu Raɓa, kamar yadda ake kiran Sardauna a lokacin, da ƙafa suke zuwa, kwana da kwanaki a hanya.

Ginin farko yana nan a Katsina, kuma in ka samu hali ka je ka gani. Ginin ƙasa ne irin namu, bango mai kauri, rufin azara, ɗakuna masu sanyi ko da rana ta take. An sa shi cikin kayan tarihin ƙasa a 1959, yanzu gidan adana kayan tarihi ne. Abin da zai fara ba ka mamaki shi ne ƙanƙantarsa. Firamaren unguwa ta yau ta fi shi yawan azuzuwa.

Amma kada ka ɗauka ƙarancin ne kaɗai. Ƙofa ƙarama takan iya shigar da shirme, wannan ba ta yi ba. Kowane lardi zai tace yaransa ya turo biyu ko uku, sai su shekara biyar a hannun malamai ƙalilan da suka san kowane yaro da sunansa da halinsa. An matsa wa Turanci lamba ƙwarai, musamman furuci, shi ya sa in ka saurari tsofaffin jawaban Tafawa Ɓalewa za ka ji harshen da ya sa Turawa da kansu suke jinjina masa. Akwai lissafi da tarihi da labarin ƙasa da dabarun koyarwa, sannan Larabci da addini a hannun malamai irin su Malam Bello Kagara. Kimiyya daga baya ta shigo, da aka ɗaga darajar makarantar wajen 1930, kuma wannan jinkiri ya yi wa Arewa illa, don an daɗe ba a samu likitoci da injiniyoyi ba. Kirarin makarantar da Larabci yake, Man jadda wajada, wato wanda ya yi ƙoƙari zai samu.

Abu na biyu da ta yi, wanda nake ganin ya fi karatun aji tasiri, shi ne haɗa yaran da ba su taɓa sanin juna ba. Babarbare daga Borno, Banufe daga Bida, Bafulatani daga Adamawa, Bayarabe daga Ilorin, Basakkwace, Bakano, duk kwano ɗaya. Kafin nan kowa masarautarsa ya sani. Tunanin cewa akwai wata aba wai ita Arewa, mai buƙata guda da murya guda, a ɗakunan kwanan makarantar nan ya yi jijiya. Dubi gwamnatin Sardauna: Aliyu Makaman Bida a ma'aikatar kuɗi, Isa Kaita a ilimi, Sir Kashim Ibrahim Gwamna daga 1962, can Legas kuma ga Tafawa Ɓalewa da Musa 'Yar'aduwa. Mutane ne da suka san juna tun suna wanke kwanon abincinsu da hannunsu. Wannan ya sa aiki ya yi sauri, amana ta yi ƙarfi. Ya kuma sa wanda bai bi ta makarantar ba yakan ji kamar baƙo ne a zauren, kuma an yi gunagunin haka.

Kusan dukansu da alli suka fara. Sardauna ya koyar a Midil ta Sakkwato daga 1931 kafin a naɗa shi hakimin Raɓa a 1934. Tafawa Ɓalewa ya koyar a Midil ta Bauchi har ya zama hedimasta. Shagari malamin kimiyya ne a Sakkwato. Malam Aminu Kano ya koyar a Bauchi da Maru. Kai da kake kwalejin ilimi, wannan ya kamata ya tsaya maka a rai fiye da maganar shugabanni biyar.

Wani abin da masu yabon makarantar kan tsallake shi ne cewa ba masu mulki kaɗai ta haifa ba, har da masu adawa da su. Sa'adu Zungur ɗan Kwalejin Katsina ne. Aminu Kano, jagoran NEPU wadda aka kafa a 1950, ɗan Kwalejin Kaduna ne. Waziri Ibrahim, wanda ya tsaya takara da Shagari a 1979 ƙarƙashin GNPP, shi ma can ya yi. A zaɓen shekarar nan, uku daga cikin 'yan takarar shugaban ƙasa biyar tsofaffin ɗaliban makaranta ɗaya ne. Ko Tafawa Ɓalewa da ake gani mai sanyin hali, shi ne ya tashi a majalisar Kaduna a 1950 ya nemi a yi wa mulkin En'e garambawul, maganar da ba ta yi wa sarakuna daɗi ba. Turawa sun so su yi malamai masu ladabi da biyayya, sun kuwa samu, amma wanda ka koya wa karatu ba ka da iko da abin da zai karanta. Ƙungiyar tsofaffin ɗaliban, wadda aka fara a ƙarshen shekarun 1930, tana cikin wuraren farko da 'yan bokon Arewa suka zauna suka tattauna halin da ƙasarsu ke ciki, tun kafin a kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa. Wannan ƙungiyar tsofaffin ɗaliban ita ce ake kira BOBA a yau.

Adabin Hausa ma yana da bashin makarantar a kansa. A gasar rubutun ƙagaggun labarai da Rupert East ya shirya a 1933, aƙalla uku daga cikin littattafai biyar da aka buga mutanen Kwalejin Katsina ne suka rubuta: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Shaihu Umar na Tafawa Ɓalewa, da Ganɗoki na Bello Kagara, wanda yayan Imam ne kuma malami a kwalejin. Imam ɗin ne ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a 1939. Da makarantar ta koma Zariya sai ga ta a Tukur-Tukur, kan titin Gaskiya, maƙwabciyar kamfanin da ke buga jaridar.

Zamanin Zariya ne zamanin soja. Daga nan Zakariya Maimalari ya tafi makarantar horon hafsoshin soja ta Sandhurst a Ingila, yana cikin 'yan Najeriya na farko da suka fito hafsoshi daga can. Bayansa ga Kur Muhammed, Abogo Largema, Yakubu Pam, Gowon, Hassan Usman Katsina, Murtala, Muhammed Shuwa. A lokacin kuma ƙofar ta buɗe wa waɗanda ba Musulmi ba. Gowon Kirista ne, ɗan ƙabilar Angas da ya tashi a Wusasa, kuma a makaranta an san shi da tsaron gida a ƙwallon ƙafa da dambe da gudu. Sunday Awoniyi daga ƙasar Kabba ya zo. Ranar 15 ga Janairu 1966 makarantar ta yi asarar da ba ta taɓa yin irinta ba: Tafawa Ɓalewa, Sardauna, Maimalari, Kur Muhammed, Largema da Pam, duk a dare ɗaya. Wanda bai san cewa waɗannan hafsoshi yayyen su Gowon da Murtala ne a makaranta ba, zai yi wuya ya fahimci zafin da ya kai ga juyin mulkin watan Yulin shekarar. Shekara tara bayan haka Murtala mai lamba 941 ya karɓi mulki daga hannun Gowon mai lamba 783, abin da ke nuna zumuncin makaranta ma yana da iyaka.

Sauran fagagen ba sai na tsawaita ba. Alƙalan alƙalai Muhammadu Lawal Uwais da Idris Legbo Kutigi, Farfesa Iya Abubakar masanin lissafi, Farfesa Jibril Aminu, Rilwanu Lukman, Adamu Ciroma, Maitama Sule Ɗanmasanin Kano, Nasiru el-Rufa'i, da Sarakunan Musulmi biyu, Ibrahim Dasuƙi da Muhammadu Sa'ad Abubakar.

Cikin al'adunta, bayan lamba, sai gidajen kwana. Sunayensu kaɗai darasin tarihi ne: Lugga, Clifford, Ɗan Hausa, Malam Smith, Bienemann da Mort a ɓangaren Turawa, sai Bello Kagara, Nagwamatse, Ja'afaru da Sulaimanu Barau. Ja'afaru shi ne Sarkin Zazzau lokacin da makarantar ta sauka Zariya, Sulaimanu Barau kuma Sarkin Abuja ta da, wato Suleja, tsohon ɗalibin Katsina ne. Akwai masu cewa a goge sunayen Turawan. Ni ban goyi baya ba, gara yaro ya kwana a gidan Lugga ya tambayi wane ne Lugga a faɗa masa har da abin da ya yi a Satiru, ƙauyen kusa da Sakkwato da sojojinsa suka rushe suka kashe mutanensa. Gida shi ne jam'iyyar yaro: da sunansa yake gudu, da sunansa yake share fili ranar duba tsafta, kuma manyan ɗalibai ne ke riƙe da horo, tsarin da aka kwaso daga makarantun kwana na Ingila. Yana koyar da ɗaukar nauyi tun da ƙuruciya, yana kuma iya zama zalunci in malamai suka kau da kai. Duk wanda ya yi makarantar kwana ya san fuskokin nan biyu.

Sai wasanni, musamman ƙwallon bangon nan da ake kira Fives, wadda asalinta makarantar Eton ce. Fili ne ɗan ƙarami mai bango uku, da wani ɗan dungu da ya fito daga bangon hagu, da 'yar matakala a tsakiya. Mutum biyu-biyu ke karawa, da tafin hannu ake dukan ƙwallon ta bugi bangon gaba ta dawo, gwani kuma shi ne mai aika ta cikin lungun dungun nan inda za ta mutu abokin karawa bai taɓa ta ba. Sardauna gwaninta ne tun yana Katsina, bai kuma daina ba har yana Firimiya. Wasan ya kama ƙasa a Katsina da Sakkwato da Birnin Kabi da wasu garuruwan, da ƙwallon tanis ake yi a nan, kuma har gasar kofin Sardauna ake yi. Ban da ita akwai kurket da hoki.

Tambayarka ta ƙarshe amsarta tana cikin ta farko. Daga shekarun 1950 aka buɗe sakandaren larduna, aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, aka raba Arewa jihohi shida a 1967, aka kawo shirin ilimin firamare kyauta a 1976. Kowace jiha ta gina nata makarantun, ga kwalejojin tarayya, daga baya ga masu zaman kansu. Yaron da ya fi kowa a Borno ko Neja ba shi da dalilin zuwa Zariya kuma. Makarantar da a da take tace yaran yanki guda mai faɗin gaske ta koma hannun gwamnatin jiha ɗaya, Kaduna, tana cin kasafi ɗaya da ɗaruruwan makarantu. Ɗalibai suka ninka, kuɗi bai ninka ba, darajar aikin malanta ta faɗi, masu hali suka kwashe 'ya'yansu, har da da yawa daga cikin tsofaffin ɗaliban kansu. Wannan ba ciwon Barewa kaɗai ba ne, tsofaffin kwalejojin gwamnati na Kudu ma sun sha irinsa.

Ta cika shekara 100 a 2021, kuma BOBA na cikin ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai mafi ƙarfi a ƙasar nan, suna gyaran azuzuwa da ɗakunan kwana, aji-aji suna ɗaukar aiki. Wannan abin yabo ne, sai dai gini shi ne ɓangare mai sauƙi. Abin da ya yi makarantar a da abu uku ne da za a iya aunawa: yadda ake tace masu shiga, yawan yaran da ke gaban malami ɗaya, da kuma irin mutumin da ke yarda ya zauna yana koyarwa shekara da shekaru. Na farkon ba zai dawo yadda yake ba, bai ma kamata ya dawo ba, don ba wanda zai so a koma zamanin yara ashirin a shekara. Na biyu da na uku kuwa magana ce ta kuɗi da albashi da gidajen malamai, kuma gwamnatin jiha ce ke da wuƙa da nama a kansu. Idan za ka yi nazari a kanta don aikin makarantarku, kada ka tsaya ga jerin manyan mutane, kowa ya haddace shi. Nemi sakamakon jarrabawar WAEC da NECO na shekarun baya-bayan nan, da yawan ɗalibai a kowane aji, da yawan malaman lissafi da kimiyya da ke ƙasa, ka kwatanta da na wata sakandaren gwamnati a Zariya wadda ba ta da tsofaffin ɗalibai masu faɗa a ji.